ALLURAR GWANDA DA CIWON ƘUGU MAI SAUKA ƘAFA

Akwai wani ciwo da kusan kowane gida a Zango ya san shi, ko da kuwa ba a san sunansa na asibiti ba. Yakan tashi daga ƙugu, ya ratsa ɗuwawu, ya bi bayan cinya, ya gangara sha-raɓa, wani lokaci har sai ya dangana da yatsun ƙafa. Mai shi zai ce maka kamar an zura masa waya mai wuta ne a cikin ƙafar, ko kuma kamar kiyashi na yawo a ƙarƙashin fata. In tari ko atishawa ta zo masa sai ya dafe bango. Ruku'u ya gagara, zaman tahiya ya gagara, zaman tirotiro daga Aboabo zuwa Kejetia ya zame masa kamar tafiyar Bawku. Maƙwabtanmu Asantawa na kiran ciwon ƙugu "sisi yare", ni kuwa nakan ce sunan ya dace ko da Hausa, domin ciwo ne da kan bar mutum ba ko sisi.

To, akwai wani labari da ke yawo a majalisu da gidajen suna, akasari daga bakin 'yan'uwanmu mazauna Turai da Amurka, wai a can akwai allura ɗaya tak da ake yi wa mai wannan ciwo, ta narkar da abin da ke danne masa jijiya, ya miƙe garau ba tare da an tsaga shi ba. Wasu ma sukan ƙara da cewa daga gwanda ake yin ta. Labarin yana da tushe, sai dai rabinsa kawai ya iso Zango, rabin da aka bari a hanya kuwa shi ne ya fi amfani ga majinyaci. Dalilin da ya sa na ga ya kamata a baje maganar a faifai ke nan, musamman da yake mu mutane ne masu son allura. In mutum ya je asibiti ya dawo da ƙwayoyi kawai, sai ka ji ana cewa likitan bai duba shi da kyau ba. Duk wanda ya san wannan hali namu, ya san inda zai kafa tarkonsa.

Abin da ke faruwa a cikin baya

Ƙashin bayan ɗan Adam jerin ƙananan ƙasusuwa ne da aka ɗora ɗaya bisa ɗaya: 7 a wuya, 12 a daidai ƙirji, 5 a ƙugu, sa'an nan na can ƙasa waɗanda suka manne da juna. A tsakaninsu akwai wani faifai na guringuntsi mai hana ƙashi gogar ƙashi, wanda likitoci ke kira diski. Direbobi da masu faci za su fi saurin gane shi, domin ƙirarsa kamar ta taya ce. Daga waje zobe ne mai tauri, mai zare hawa-hawa. Daga ciki kuwa wani abu ne mai laushi da danƙo, wanda a wannan rubutu zan kira ƙullu. A jikin matashi fiye da kashi 80 cikin 100 na wannan ƙullu ruwa ne, nauyin jiki na matse ruwan da rana, ya koma da dare. Shi ya sa mutum ya fi tsawo da asuba fiye da bayan la'asar da kimanin santimita ɗaya. Duk shekara sai na sa yara su gwada wannan a jikin bangon aji, kuma duk shekara sai an yi gardama kafin a yarda.

Yayin da shekaru suka fara ja, zoben nan yakan bushe ya yi tsaga. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, a nan kuwa fita ake yi. Ƙullun ya bi ta tsagar ya bullo ta baya, daidai inda jijiyoyin laka ke fitowa za su nufi ƙafa. Waɗannan jijiyoyi su ne ke haɗuwa su zama babbar jijiyar ƙafa, wadda ta fi kowace jijiyar laka girma a jiki, kaurinta ya kai na babban yatsa. Ƙullun da ya fito yana danne jijiyar, kuma yana sa ta kumbura saboda wasu sinadarai da ke cikinsa. Wato ke nan cutar tana ƙugu, amma kukan a ƙafa ake jin sa, abin da likitoci ke kira sayatika. Fiye da 9 cikin 10 na irin wannan ɓullowa a faifai biyu na ƙarshe take faruwa, domin su ne ke ɗauke da kayan gidan duka. Ba a ma daɗe da gane haka ba. Sai a shekarar 1934 ne wasu likitoci biyu a birnin Boston na Amurka, Mixter da Barr, suka nuna wa duniya cewa faifan da ya fashe ne ke haddasa wannan ciwon ƙafa.

Ya fi kama mutum tsakanin shekara 30 zuwa 50, wato daidai lokacin da bakuna suka fi yawa a wuyansa. In ka dubi sana'o'inmu kuwa, sai ka ce don mu aka yi shi. Ga masu dakon huhun goro da buhun siminti mai kilo 50 da buhun koko mai kilo 64. Ga 'yan mata kayaye da ke keta kasuwar Kejetia da kwanon kaya a ka, wata ma da goyo. Ga direbobin manyan motoci masu kwana a hanyar Paga da Wagadugu, da yaran da ke wuni a kan aboboya da piragiya cikin ramuka. Ga makanikan Suame Magazine da ke ɗaga injin a sunkuye, da telan da ke kwana a kan keke in Salla ta matso. Ɗaga kaya a sunkuye tare da murɗa jiki shi ne mafi muni. Amma kada a ɗora wa aiki laifin duka. Binciken da aka yi a kan tagwaye ya nuna gado na da babban hannu a lalacewar faifai, haka nan shan taba da ƙiba. Shi ya sa za ka ga Alhajin da bai taɓa ɗaukar abin da ya fi buta nauyi ba, shi ma yana ɗingishi.

Daga kunnen zomo zuwa bayan mutum

Iyayenmu mata sun daɗe da sanin cewa in nama ya yi tauri, a naɗe shi da ganyen gwanda ko a jefa ɗanyar gwanda a tukunya, sai ya yi laushi. Sirrin yana cikin farin ruwan nan mai kama da nono da ke tsattsafowa in an karci ɗanyar gwanda. A cikinsa akwai wasu sinadarai masu narkarwa da masana ke kira inzayim. Inzayim ba baƙo ba ne a jikinmu. Akwai shi a cikin yawu, shi ke sa burodi ya yi zaƙi-zaƙi in an daɗe ana tauna shi, akwai shi a tumbi yana narkar da nama. Kowane inzayim da abin da yake iya warwarewa, kamar mabuɗi da kwaɗonsa.

A shekarar 1941 wasu masana biyu a Amurka, Jansen da Balls, suka ware ɗaya daga cikin inzayim ɗin gwanda, aka sa masa suna kaimofafen. Sai kuma a 1956 wani likita mai bincike a Niyu Yok, Lewis Thomas, ya yi wa zomaye allurar inzayim ɗin gwanda a jijiyar jini. Cikin sa'o'i kaɗan sai kunnuwansu da ke tsaye cir suka lanƙwashe suka zubo kamar na tunkiya, bayan 'yan kwanaki kuma suka sake miƙewa. Abin da ya faru shi ne maganin ya narkar da wani sashe na guringuntsin kunnen, sashen da ke riƙe ruwa. Wani likitan ƙashi a jihar Ilinoi, Lyman Smith, da ya ji wannan labari sai ya yi tunani: ai ƙullun faifan baya ma da irin wannan abu aka yi shi. Ya gwada a kan dabbobi, sa'an nan a 1963 ya yi wa ɗan Adam na farko. A 1964 ya buga rahoton majinyata 10.

Ya kamata mai karatu ya lura da yadda ake yin wannan allura, domin a nan ne rabin labarin da bai iso mu ba ya fara. A ɗakin tiyata ake yin ta, ko ɗakin hoto mai tsabtar ɗakin tiyata. Majinyaci zai kwanta, a kashe masa wurin. Likita zai ɗauki doguwar allura siririya, wadda ta fi tafin hannu tsawo, ya shigar da ita ta gefen baya a karkace, idonsa na kan allon na'urar hoton ƙashi da ke nuna masa bakin allurar yana tafiya, har sai ya kauce wa jijiyoyi ya shiga tsakiyar faifan da ya lalace. A nan ne zai zuba ɗan maganin da bai cika cokalin shayi ba. Inzayim ɗin zai warware abin da ke riƙe ruwa a cikin ƙullun, ƙullun ya motse, kamar an sace wa taya iska, nauyin da ke kan jijiya ya ragu. A gefe kuma akwai likitan sa barci da kayan ceton rai a shirye, don gudun abin da ka iya biyo baya.

Tafiyar maganin ba ta yi daɗi ba tun daga farko. A 1975 aka dakatar da shi a Amurka bayan wani gwaji da bai nuna fifikonsa ba, har Amurkawa suka riƙa tsallakawa Kanada don a yi musu. Aka sake wasu gwaje-gwajen. Wanda ya fi jan hankalina shi ne na wani likita mai suna Fraser a birnin Adilaid na Ostireliya, wanda aka buga a 1982. Ya raba majinyata 60 gida biyu, rabi aka zuba musu maganin gwanda, rabi aka zuba musu ruwan gishiri zalla, ba wanda ya san abin da aka zuba masa. Bayan wata 6, kashi 80 cikin 100 na 'yan gwanda suka ce sun sami sauƙi. Na ruwan gishiri kuwa kashi 57. Wannan lissafi ya nuna maganin yana aiki, ba shakka. Amma a riƙe 57 ɗin nan a zuciya, za mu dawo gare ta.

A ƙarshen 1982 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi da sunan Chymodiactin. Sai aka yi masa rububi. Dubban likitoci suka yi kwas na yini ɗaya suka fara aiki da shi, ba da jimawa ba kuwa labaran ɓarna suka fara fitowa. Jikin wasu mutane yana ƙin sinadarin gwanda ƙi mai tsanani, cikin mintoci jini ya faɗi, maƙogwaro ya toshe. Hakan kan sami kimanin mutum 1 cikin 200, kuma ya fi samun mata. In kuma bakin allura ya kauce maganin ya shiga rigar laka, yana iya jawo zubar jini a ciki da shanyewar ƙafafu. Wani nazari da ya tattara rahotannin Amurka daga 1982 zuwa 1991 ya ƙirga munanan matsaloli 121 a cikin majinyata kimanin 135,000, a ciki har da mutum 7 da ƙin maganin ya kashe. In an auna da yawan mutanen, adadin bai kai na tiyatar zamanin ba, kuma masu goyon bayan maganin sun yi ta faɗin haka. Sai dai tsoro ya riga ya shiga, ga lauyoyin Amurka ba sa barci.

Bugu da ƙari, ita tiyatar kanta ta yi sauƙi. Tun 1977 likitoci a Jamus da Suwizalan suka fara cire ƙullun da ya fito ta 'yar ƙaramar tsaga, suna duba da madubin ƙara girma. Da aka gwada hanyoyin biyu, sai aka ga allurar ta fi ruwan gishiri, amma tiyata ta fi allurar, kuma wasu daga cikin waɗanda aka yi wa allurar daga baya sai da aka tsaga su. Kasuwa ta mutu a hankali, a farkon 2003 kamfanin ya daina sayar da maganin a Amurka. Hukumar can ta bayyana cewa ba don haɗari ko rashin aiki aka janye shi ba. Ko ma dai mene ne, wanda ya ce maka ana yi wa kowa allurar gwanda a Amurka, labarin shekarun 1980 yake ba ka.

Dabarar dai ba ta mutu ba, Japan ta koma. A can wani kamfani mai suna Seikagaku ya samar da wani inzayim daga wata ƙwayar bakteriya, ba daga gwanda ba, ana kiransa kondoliyes. Gwamnatin Japan ta amince da shi a watan Maris na 2018, aka fara sayar da shi da sunan Hernicore. Bambancinsa da na gwanda shi ne ya fi tsantseni. Na gwanda nama yake ci, duk inda ya samu. Wannan kuwa abin da ke riƙe ruwan kawai yake yankewa, saboda haka haɗarinsa ga jijiya ya ragu. Duk da haka sau ɗaya ake yi wa mutum a rayuwarsa, don gudun kada jiki ya ƙi shi a karo na biyu. Sauƙin kan zo ne a hankali, cikin makonni har zuwa wata 3, kuma faifan yakan ɗan rage kauri bayan an yi. Ba kowane mai ciwon ƙafa ake yi wa ba. Sai wanda hoton maganaɗisu, wato Em-Ar-Ai, ya nuna ƙullunsa ya turo amma bai ɓalle ya faɗa cikin ramin laka ba, kuma an yi ta magani da motsa jiki abin ya ƙi. In ƙashi ne ya tsiro ya matse hanyar jijiya, kamar yadda yakan faru ga tsofaffi, to inzayim ba ya cin ƙashi.

Allurar da muka sani a nan

Yanzu mu dawo gida. Duk wanda ya biyo ni zuwa nan ya gane cewa allurar da za a yi wa mutum a bayan labulen kantin magani, ko wadda wani mai jaka zai zo har ɗaki ya yi masa a ɗuwawu, ba ta da dangantaka ko ta nesa da abin da na bayyana, ko da kuwa an ce daga waje aka kawo ta. Masu ƙananan kantunan magani a Ghana lasisinsu na sayar da magungunan da ba sa bukatar takardar likita ne, bai haɗa da yin allura ba. Abin da akasari ke cikin sirinjin shi ne diklofenak, wanda a kai a kai yake cin tumbi da ƙoda, ko deksametazon, wanda zai kwantar da ciwon na 'yan kwanaki, in aka saba da shi kuma ya kumbura fuska, ya ta da sukari da hawan jini, ya rarake ƙashi.

Abin takaicin ma shi ne ita babbar jijiyar da ake neman yi wa magani ta cikin ɗuwawun take wucewa. Ma'aikatan jinya da suka yi makaranta an koya musu su raba ɗuwawu gida huɗu su soka a sama ta waje, nesa da ita. Wanda bai sani ba yakan soka a tsakiya. An sha ganin yara a ƙasashen Afirka da allurar kwinin ta shanye musu ƙafa ta wannan hanya. Ni kaina na koyar da wani yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa da ke jan ƙafarsa ta hagu, silifa ba ya zama a ƙafar sai an ɗaure da roba. Mahaifiyarsa ta shaida mini cewa lafiya lau yake gudu, har ranar da zazzaɓi ya kama shi wani ya zo gida ya yi masa allura. Garin neman gira aka rasa ido.

Kada kuma wani ya ji an ambaci gwanda ya ce ai ga ta a bayan gida. Cin gwanda na da amfani ga ciki, amma inzayim ɗin da aka haɗiye ba ya zuwa faifan baya, domin faifan kusan ba shi da hanyar jini. Shafa ruwanta a kan tsagar wanzami kuwa ƙuna da gyambo kawai zai jawo. Ban ce ƙaho da tausa ba su da daɗi ga tsokar da ta ɗaure ba, amma abin da ke danne jijiyar yana can ciki, ƙahon wanzami ba ya kai wa gare shi. Tattaka bayan mai wannan ciwo da ƙafa, wai don a mayar da ƙashi, shi kam a bar shi. Haka nan tiramol. Hukumar abinci da magunguna ta Ghana ta yarda da mai miligiram 50 da 100 ne kawai, da takardar likita, amma a 2018 ƙasar nan ta ga yadda mai 120 da 225 da 250 ya cika unguwanni. Da yawa daga cikin samarinmu da suka faɗa ciki, da sunan maganin gajiya da ciwon ƙugu suka fara.

Akwai dai wata allurar baya ta gaskiya da likitoci ke yi a asibiti, wadda ake zuba maganin kumburi a kusa da jijiyar. Ita ba ta narkar da komai, tana rage zafi ne na 'yan makonni don mutum ya samu ya motsa. In likita ya ambaci allura, a tambaye shi wacce yake nufi.

To, ina maganar 57 ɗin nan? Mutanen da aka zuba wa ruwan gishiri fiye da rabinsu sun warke, domin jiki da kansa yana cinye ƙullun da ya fito. Da zarar ya bar gidansa, sojojin jini sukan ɗauke shi baƙo su yi ta gutsurarsa, da nasu inzayim ɗin. Nazarin hotunan majinyata ya nuna kimanin 2 cikin 3 na irin wannan ƙullu yana motsewa da kansa, kuma abin mamaki, wanda ya fi girma ya ɓalle shi ya fi saurin ɓacewa. Yawancin masu ciwon sukan sami sauƙi cikin mako 6 zuwa 12. A ƙasar Holan an buga wani gwaji a 2007 a kan majinyata 283: waɗanda aka yi wa tiyata da wuri sun fi saurin rabuwa da ciwon ƙafa, amma bayan shekara ɗaya su da waɗanda suka jira duk sun yi kunnen doki. Wannan ne sirrin kasuwar masu maganin ƙugu a bakin tasha da cikin bas. Duk wanda kwalbarsa ce ta ƙarshe kafin ciwon ya tafi don kansa, shi ke kwashe yabon.

Na san faɗin "a jira" na da sauƙi ga mai albashi. Ɗan dako in bai fita yau ba, ba a ɗora tukunya. A ganina nan ne dangi da ƙungiyoyinmu na unguwa ya kamata su shigo, domin kuɗin da za a tara a kai wa mai allura, in aka ba majinyaci ya ci abinci na wata guda ba tare da ya ɗauki buhu ba, ya fi amfani nesa ba kusa ba. Jiran ma ba na kwanciya ba ne. Likitoci sun bar shawarar nan ta a kwanta a kan katako mako biyu. Bayan yini ɗaya ko biyu a tashi a riƙa takawa kaɗan-kaɗan, a guji dogon zama da ɗaga nauyi, a sha maganin zafi yadda likita ya tsara, a je wurin masu gashin ƙashi da motsa jiki na asibiti su koya wa mutum atisayen da ya dace. Salla kuwa malamanmu sun sha bayyana cewa wanda ba ya iya tsayuwa yana da sauƙin yi a zaune.

Amma akwai alamun da ba a jira da su ko na yini ɗaya. In fitsari ya ƙi fita, ko yana zuba mutum bai sani ba, ko bayan gida na kufce masa; in tsakanin cinyoyi da wajen zama ya mutu, har mutum ya yi tsarki bai ji ruwa ba; in ƙafafu biyu suka kama a tare, ko ƙafa ta fara rauni tana tuntuɓe ba ta ɗaguwa, to jijiyoyin ƙasan laka ne suka matsu, kuma tiyatar gaggawa ce maganinsa. Jinkirin kwana biyu na iya barin mutum da robar fitsari har ƙarshen rayuwarsa. Na san kunya kan hana dattijo faɗa wa 'ya'yansa irin wannan, saboda haka in Baba ko Hajiya na fama da ciwon ƙugu, wani babba a gidan ya keɓe da su ya tambaya. A irin wannan hali kai tsaye ake wucewa sashen gaggawa na asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda har yau muke kira Gii, da sunan kamfanin da ya gina shi a shekarun 1950.

Har ila yau, ba kowane ciwon baya da ƙafa ba ne na faifai, kuma a ƙasarmu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Tarin fuka yana kama ƙashin baya ko da mutum ba ya tari. Alamunsa rama, zufan dare, zazzaɓin yamma, ciwon da ba ya lafawa ko an kwanta, daga baya ƙusumbi ya fito. Maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati, amma in aka yi ta danne shi da deksametazon, hura masa wuta ake yi. Mai sikila kuma kan ƙashin cinyarsa na iya mutuwa, ciwon ya riƙa sauka har gwiwa. Kimanin jarirai 2 cikin 100 a Ghana da sikila ake haihuwarsu, kuma a nan Kumasi ne Farfesa Kwaku Ohene-Frempong ya fara gwajin jarirai a 1995. Ga dattijon da ya haura 60 kuma, sankarar mafitsara ta maza takan bazu zuwa ƙashin baya. Ciwon sukari ma yana sa tafin ƙafa zafi da mutuwa. Duk waɗannan ba mai rarrabe su da ido a kan benci.

Wanda ciwonsa bai kai na gaggawa ba, ya fara da asibitin kusa, kamar na Manhyia, da katin inshorar lafiya da bai mutu ba. Likita zai kwantar da shi ya ɗaga ƙafar a miƙe, ya ga inda ciwon ke harbawa, ya gwada ƙarfin yatsu da jin taɓi. Sau da yawa wannan ya isa a makonnin farko. Kada a matsa wa likita sai an yi Em-Ar-Ai, domin yana da tsada, kuma yakan nuna abin da ba shi ne ciwon ba. A 1994 an ɗauki hoton bayan mutum 98 a Amurka waɗanda ba abin da ke damunsu, aka tarar fiye da rabinsu na da faifan da ya kumburo, 27 cikin 100 kuma nasu har ya turo. Hoton ƙashi na eksire kuwa ba ya nuna faifai sam, ƙashi kawai yake nunawa.

In an wuce mako 6 zuwa 12 ciwon ƙafar bai saki ba, sai a nemi takardar turawa zuwa Gii, inda akwai likitocin ƙashi da na laka, a lokacin ne hoton ke da amfani. A Pantang kusa da Akra kuma akwai asibitin ƙashi na FOCOS, wanda aka buɗe a 2012, wanda Farfesa Oheneba Boachie-Adjei, haifaffen Kumasi da ya yi suna a tiyatar ƙashin baya a Niyu Yok, ya kafa. Wanda kuma ɗan'uwansa a waje ya yi masa tayin a kai shi wata ƙasa don allurar inzayim, ya fara aika hoton Em-Ar-Ai da rahoton likitansa na nan tukuna, ya nemi a rubuto masa sunan maganin, da hukumar da ta amince da shi, da abin da za a yi masa in allurar ba ta ci ba, kafin a sayar da fili ko a taɓa jarin goro.